Gas 'yan ba-ruwanmu in sun zama ruwa: haskensu da tafiyar lantarki a cikinsu

Wani mai walda da nake kai wa gyara a wajajen Ƙofar Ƙaura ne ya jefo mini tambayar, ina zaune a benci ina jiran ya liƙe mini wata tukunyar alminiyom. Ya san ina koyar da fiziks, don haka duk ranar da na je sai ya tanadi abin da zai ɗaure ni da shi. Ran nan sai ya nuna doguwar silindar argon da ke jingine da bango, ya ce, "Malam, wai mi ya sa in ka girgiza tukunyar gas ta girki kana jin ruwa na motsi a ciki, amma wannan ko kwana ka yi kana girgiza ta ba ka jin komi? Ba duk gas ba ne?"

Amsar gajera ce. Kowane gas yana da iyakar zafin da in ya wuce ta, ko da ƙarfin duniya ka matse shi ba zai zama ruwa ba. Gas ɗin girki iyakarsa ta haura digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ko a tsakiyar bazarar Katsina matsi kaɗan ke riƙe shi a ruwa cikin tukunya. Argon kuwa tasa iyakar digiri 122 ce ƙasa da sifili, abin da ke cikin silindar mai walda iska ce a takure kawai. Mai son ganin ruwan argon a buɗaɗɗen mazubi sai ya sanyaya shi har digiri 186 ƙasa da sifili.

Ɗan'uwansa zenon lamarinsa da ban dariya, don tasa iyakar digiri 16.6 ce sama da sifili. Da asubar hunturu a Daura, lokacin da ruwan alwala ke yankan hannu, ana iya matse shi ya zama ruwa in matsin ya kusa ninki 58 na iskar da ke kanmu. Da hantsi ya ɗaga, shi ke nan, ya ƙi.

Walda ta ƙare kafin in kai ga inda labarin yake da daɗi, wato abin da waɗannan gas ke yi da haske da lantarki bayan sun zama ruwa. Gida ɗaya ne: hiliyom, niyon, argon, kirifton, zenon da radon. Turawa suna kiransu da sunan da ke nufin masu sarauta, ni kuwa a aji 'yan ba-ruwanmu nake ce musu. Na taɓa cewa "iskoki masu daraja", ɗalibai suka fashe da dariya suna tambaya ko darasin bori za mu shiga, daga ranar na bar wannan suna. Halinsu ɗaya ne: zoben ilektiron na wajen atom ɗinsu a cike yake, ba sa cin bashi, ba sa ba da rance, don haka da wuya su ƙulla da kowa. Abin da mai walda ke saye ke nan. Argon yana lulluɓe narkakken ƙarfe ya kore iskar oksijin, shi kuma bai taɓa ƙarfen ba.

Wannan kamun kai ne ya sa aka daɗe ba a san da su ba. Lord Rayleigh ya lura cewa naitirojin da aka tace daga iska ya ɗan fi wanda aka haɗa a ɗakin gwaji nauyi, da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Shi da William Ramsay suka bi wannan ɗan bambanci har suka fito da argon a 1894, suka raɗa masa sunan Girkanci mai ma'anar malalaci. Ashe kashi 0.93 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. A 1898 Ramsay da Morris Travers suka ƙaro niyon, sabo ke nan, da kirifton, ɓoyayye, da zenon, baƙo. Hiliyom kuwa a cikin hasken rana aka fara ganin alamarsa a 1868, kuma shi ya fi kowa taurin kai, sai a 1908 Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da shi ruwa a Leiden ta ƙasar Holan, a digiri 269 ƙasa da sifili.

Zenon yana zama ruwa a digiri 108 ƙasa da sifili, kirifton a 153, niyon a 246. Riƙe su a ruwa aiki ne na lallaɓawa, don tsakanin tafasa da daskarewa a argon ko zenon bai kai digiri huɗu ba. Ka ɗan zarce da sanyi ka wayi gari da ƙanƙara ta toshe bututu. Me ya sa ake shan wannan wahala? Saboda cunkoso. Lita ɗaya ta ruwan argon tana ɗauke da abin da zai cika lita fiye da 800 in ya koma iska. Litar tana da nauyin kilo 1.4, ta zenon kuwa ta kusa kilo 3, har cokalin alminiyom zai yi iyo a kansa kamar kara a kan kududdufi. Mai son kama ƙwayar halitta da ke ratsa komai ba ta tsayawa, dole ya jera mata atom masu yawa a ƙaramin wuri.

Ka leƙa mazubin ruwan argon ko na zenon, abin da za ka gani ruwa ne garau, ba launi. Dalilin wannan shi ne kuma dalilin da ya sa lantarki ba ya bi ta cikinsu haka kawai. Atom-atom sun matsu da juna har matakan kuzarin ilektiron ɗinsu sun haɗe sun zama kamar bene hawa biyu: ƙasa a cike maƙil, sama ba kowa, tsakani kuma ba matakala. Na ƙasa ba shi da wurin motsi, wanda ya samu ya hau sama kuwa yana iya zaga gidan duka. Tsarin silikon ke nan da ke cikin farantin sola, sai dai a silikon tazarar ilektiron-bolt 1.1 ce kacal (ilektiron-bolt ma'aunin ɗan ƙaramin kuzari ne), hasken rana ma yana ɗaga ilektiron ya tsallake ta. A ruwan zenon tazarar ta haura 9, a argon ta kai 14. Ɗigon hasken da ido ke gani kuzarinsa bai wuce 3 da ɗan ɗoriya ba, sai ya ratsa ya fita ba wanda ya tanka masa. Har yanzu abin yana ba ni mamaki, a ce ruwan da atom ɗinsa ke kai da komo ba jeri ba tsari ya riƙa nuna hali irin na daskararren lu'ulu'u.

Shirun yana karyewa ne in wani abu mai ƙarfin gaske ya ratso, kamar hasken gama da ke fita daga ma'adinai masu tururin nukiliya, ko ƙwayar da ta faɗo daga sararin samaniya. A kan hanyarta abu biyu take yi. Wasu atom ta tunzura su, ilektiron ɗinsu ya ɗaga sama amma bai bar gida ba. Wasu kuma ta fizge musu ilektiron ɗungurungum. A argon kowane ilektiron da aka 'yantar yana cin kuzari ilektiron-bolt 23.6 a matsakaici, a zenon 15.6. Daga nan haske da caji suke fitowa, kuma su ne duk jarin wannan fage.

Mu fara da hasken, don nan ne abin da na fi so. Atom ɗin da aka tunzura ya daina zama ɗan ba-ruwanmu, tunda yanzu akwai gurbi a zobensa. Nan take sai ya cafki maƙwabcinsa su zama tagwaye, haɗin da ba ya yiwuwa sam in suna cikin natsuwa. Tagwayen wucin gadi ne. Suna sakin ɗigon haske ɗaya, dalilin haɗuwar ya ƙare, kowa ya kama gabansa. To a wajen ƙulla wannan haɗi an riga an kashe wani kaso na kuzarin, saboda haka ɗigon hasken da ya fito bai kai abin da zai tunzura wani atom ba. A zenon yana fitowa da kusan ilektiron-bolt 7, alhali atom guda ba ya motsawa sai an ba shi fiye da 8. Kamar fasinja ne da kuɗinsa bai kai kuɗin mota ba: duk tashar ba mai ɗaukarsa, sai ya taka da ƙafa har inda za shi. Tagwayen da za su iya karɓar irin kuɗinsa kuwa babu su a wurin, sun watse. Shi ya sa ruwan ba ya shanye hasken da ya haifa, kuma shi ya sa ake iya gina tanki mai faɗin mitoci a ga ƙyallin da ya faru a tsakiyarsa daga bango. Yawan hasken ma ba laifi, ƙwayar da ta zubar da ilektiron-bolt miliyan ɗaya tana haifar da ɗigo wajen 40,000.

Matsalar ita ce ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya tashi yana murɗa rediyo yana neman mita 19 ko mita 25 a gajeren zango ya san cewa igiya tana da tsawo. Haske ma igiya ce, sai dai da nanomita ake auna zangonsa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido yana gani daga 400 zuwa 700. Zenon yana haske a wajajen 175, kirifton kusa da 150, argon a 128, niyon da hiliyom a kusan 80. Wannan can cikin yankin ultrabayolet ne, ya ma zarce irin wanda ke sa yaron shago ya kwana yana jin yashi a ido in ya kalli walda ba gilashi. Iskar da muke shaƙa kanta tana haɗiye shi, gilashin taga kuwa bango ne a wurinsa. Na zenon yana iya ratsa tataccen gilashin kwaz, don haka ana yi wa idanun lantarki, wato na'urorin da ke mayar da haske saƙon lantarki, taga da shi a nutsa su cikin ruwan kai tsaye, a kuma yi bangon tankin da Teflon, farar robar nan da ake shafa wa kaskon suya, wadda a cikin ruwan zenon take mayar da fiye da kashi 95 cikin 100 na hasken da ya dake ta. Na argon ko kwaz ba ya ratsawa. Dole a shafa wani sinadari da ake kira TPB, ya haɗiye hasken 128 ya amayar da shuɗi mai zango wajen 420, sannan idon lantarki ya gani. Wasu kuma suna ɗiga ɗan zenon a cikin argon, kaɗan cikin miliyan, sai kuzarin ya koma kan zenon hasken ya fito a 175.

Rashin shanyewa ba ya nufin hasken yana tafiya a miƙe. Yana karo da cunkoson atom yana sauya alƙibla, irin warwatsuwar da ke sa sama ta yi shuɗi, wadda aka sa wa sunan Rayleigh ɗin nan da ya gano argon. Gajeren zango ya fi warwatsuwa nesa ba kusa ba. A ruwan zenon ɗigon haske yakan yi santimita 30 zuwa 40 kafin ya karkace, a argon ya kusa mita guda. Gudunsa ma yana raguwa, don a zenon ma'aunin lanƙwasa haske ya kai 1.69 a wannan zango, ya fi na gilashin tabarau na yau da kullum.

Tagwayen nan kuma iri biyu ne, gwargwadon yadda juyin ilektiron ɗinsu ya daidaita. Iri ɗaya doka ta buɗe masa ƙofa, yana haɗuwa yake sakin haskensa. Ɗayan doka ta ce ya jira. A argon mai saurin yana ƙarewa cikin nanosakan 6 ko 7, wato kashi 6 ko 7 cikin biliyan na daƙiƙa, mai jiran kuwa yana kai nanosakan 1,500. A zenon, da yake atom ɗin yana da nauyi, dokar ta yi laushi: mai sauri wajen 4, mai jira ashirin da 'yan kai. A hiliyom, mafi sauƙin nauyi, dokar ba ta da sassauci ko kaɗan, mai jira yana kai daƙiƙa 13, lokacin da ya isa mutum ya kwance ɗaurin akuya. Amfanin wannan a argon babba ne. In ƙwayar da ta shigo ilektiron ta buga, kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ne ke fitowa da sauri. In cibiyar atom ta buga, mai saurin yakan kai kashi 70. Da siffar ƙyallin kaɗai ana gane wanda ya yi bugun, yadda uwar gida ke gane mai sallama tun bai shigo zaure ba. Zenon bai da wannan baiwa sosai, tazarar tasa ta yi kaɗan.

Sai cajin. Ilektiron ɗin da aka fizge in an ƙyale shi komawa yake yi ya haɗu da atom mai gurbi, a sake yin tagwaye, a ƙara haske. In kuwa aka ɗora wa ruwan ƙarfin lantarki daga gefe zuwa gefe, sai a janye shi kafin ya koma. Ashe haske da caji daga tukunya ɗaya ake ɗibarsu, in wannan ya ƙaru wancan ya ragu, kuma mai son sanin ainihin kuzarin da aka zubar sai ya haɗa lissafin biyun. Tun 1948 aka gano cewa ilektiron yana tafiya sakayau a ruwan argon. Ba atom ɗin da ke sha'awar riƙe shi, kowa gidansa a cike. Da bolt 500 a kowace santimita yana yin milimita 1.6 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, wato kilomita 1.6 a daƙiƙa guda. Da wannan gudu zai bar Katsina ya isa Daura minti ɗaya bai cika ba. Atom ɗin da ya bari a baya da caji kuwa jan ciki yake yi, milimita kaɗan a daƙiƙa.

Amma ba duk gidan ne ke karɓar baƙo haka ba. Argon, kirifton da zenon manyan atom ne, gajimaren ilektiron ɗinsu yana lanƙwasuwa ya ɗan jawo baƙon, har zama cikin ruwan ya fi masa sauƙi bisa zama a waje. Hiliyom da niyon ƙanana ne masu tauri, tunkuɗe shi suke yi. Ilektiron da ya shiga ruwan hiliyom sai ya ture atom ɗaruruwa daga kewayensa, ya haƙa wa kansa kumfa wadda daga tsakiyarta zuwa baki ta kusa nanomita 2, ya zauna a ciki shi kaɗai. Duk inda za shi da kumfar zai ja, sai gudunsa ya faɗi sau dubbai in an gwada da na argon. Masu binciken hiliyom sun mayar da wannan kumfa abin awo, musamman ƙasa da digiri 2.17 bisa sifilin ƙarshe, wato iyakar sanyin da babu na ƙasa da shi, inda hiliyom ke zama ruwan da ba shi da kauri ko kaɗan. Mai son jan caji mita biyu ko uku kuwa, hiliyom da niyon ba nasa ba ne. A asibiti dai aikin ruwan hiliyom daban ne, shi ke sanyaya maganaɗisun na'urar hoton MRI.

Duk wannan kyakkyawan hali yana rataye ne a kan tsabta, kuma nan ne injiniyoyi suke zubar da gumi. Oksijin mayen ilektiron ne. Ya cafke shi ya zama ƙatuwar ƙwaya mai jan ciki, saƙon ya mutu a hanya. In oksijin ya kai kashi ɗaya cikin biliyan a ruwan argon, ilektiron ba ya wuce kashi 300 cikin miliyan na daƙiƙa a matsakaici kafin a kama shi, tafiyar da ba ta wuce rabin mita ba. Kashi ɗaya cikin biliyan kamar mutum takwas ne a cikin duk jama'ar duniya, kuma manyan tankuna suna buƙatar abin da ya fi wannan tsabta sau goma ko fiye. Argon ɗin walda da aka rubuta wa 99.99 a jiki, a wannan fage ruwan kwata ne. Tururin ruwa yana shanye hasken zenon. Naitirojin kuma, ko kaɗan ne cikin miliyan, yana kashe tagwaye masu jira a argon kafin su yi haske, ya lalata waccan baiwa ta gane mai bugu. Ƙazantar ba daga waje kaɗai take zuwa ba, wayoyi da robobi da bangon tankin kansu suna fitar da numfashi a hankali. Saboda haka ba a daina tacewa, dare da rana ana zagaya ruwan ta cikin matatun tagulla ko zazzafan ƙarfen zakoniyom da ke kama oksijin.

Luis Alvarez ya kawo shawarar amfani da irin waɗannan ruwaye wajen kama ƙwayoyi a 1968. A 1970 Boris Dolgoshein da abokan aikinsa a Mosko suka nuna ana iya ciro ilektiron daga ruwan zuwa iskar da ke samansa, kuma a 1977 Carlo Rubbia ya zana yadda tankin argon zai zama kyamarar da ke ɗaukar sawun ƙwayoyi. Dabarar Mosko ce ta zama gadon masu zenon. A ɗauki tanki kamar randa, ruwa a ciki, 'yar iskar zenon a sama, idanun lantarki a gindi da murfi. Ƙwaya ta yi bugu, ƙyalli na farko ya fito nan take. Ilektiron ɗin da aka 'yantar su hau sama bisa jan lantarki, a bakin ruwa wani jan da ya fi ƙarfi ya fizgo su cikin iskar, su yi gudu suna tunzura atom, ƙyalli na biyu ya fito, babba. Tazarar lokaci tsakanin ƙyallin biyu ita ce zurfin wurin da abin ya faru, yadda mai jefa dutse a rijiyar Kusugu zai ƙiyasta zurfinta da jinkirin ƙarar. Idanun murfi da suka fi ganin haske su nuna ta wane gefe. Girman na biyu bisa na farko kuma ya faɗi ko ilektiron aka buga ko cibiya. Ƙyalli na biyu yana da ƙarfin da ko ilektiron ɗaya tak ne ya fito ana ganinsa.

Abin da ake farauta da wannan randa shi ne ɓoyayyen abu na sararin samaniya, wanda nauyinsa ke jan taurari amma ba ya haske, kuma lissafi ya nuna shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na duk abu mai nauyi a halitta. In ƙwayoyi ne, wata rana ɗaya za ta yi karo da cibiyar zenon. Don kauce wa ruwan ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, sai aka shige ƙarƙashin ƙasa. Gwajin XENONnT yana ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, da mita 1,400 na dutse a kansa da tan 5.9 na zenon a tsakiyar na'urar. LZ yana tsohon ramin zinariya na Homestake a Dakota ta Kudu a Amurka, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙasa, da tan 7 da idanun lantarki 494. PandaX-4T yana Jinping a ƙasar Sin, ƙarƙashin mita 2,400. Nauyin zenon ma gadi ne, ruwan gefe yana tare tururin da ke fitowa daga bango, tsakiya ta zauna shiru.

Tsakanin argon da zenon wa ya fi? Ni dai ban ga wanda ya kada wani ba. Zenon kashi 87 ne kacal cikin biliyan na iska, ana samunsa ne a gefen aikin manyan masana'antun da ke tace oksijin, yawanci don narka ƙarfe, kuma tsadarsa ta sa ake lissafinsa kamar zinariya. Yana zuwa da ɗan kirifton a ciki, wanda ke ɗauke da kirifton-85 mai tururin nukiliya, sai an tace shi. Argon araha ne, amma na iska yana da argon-39 da ƙwayoyin sama ke haifarwa, mai rabin rayuwa na shekara 269, wato lokacin da rabinsa ke ɗauka ya fashe. Kowane kilo yana fashewa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, tan guda sau dubu ke nan, surutu a wurin da ake son shiru. Masu gwajin DarkSide, da ke farautar ɓoyayyen abun da argon, suka je Kolorado ta Amurka suka ciro argon daga rijiyoyin gas na ƙarƙashin ƙasa, inda ya daɗe a ɓoye, suka samu argon-39 ɗinsa ya ragu kusan sau 1,400. DEAP-3600 a Sudbury ta Kanada kuwa ya dogara ne ga bambancin mai sauri da mai jira don ware surutun.

Inda ake buƙatar girma, argon ba shi da abokin takara. Na'urar ATLAS a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ɗaya daga cikin biyun da suka gano ƙwayar Higgs a 2012, da ruwan argon take auna kuzarin ilektiron da ɗigon haske. Aikin DUNE da ake ginawa zai harbo nutirino, ƙwayoyin da ke ratsa kusan komai ba su tsaya ba, daga cibiyar Fermilab kusa da Shikago, su ratsa ƙasa kilomita 1,300 zuwa wancan rami na Dakota ta Kudu, inda kowane tanki zai ɗauki tan 17,000 na ruwan argon.

Ɓoyayyen abun dai har yanzu bai faɗa tarko ba, kuma masu cewa kuɗin ya yi yawa ba su rasa hujja ba. Amma randar ta kama wasu abubuwan a hanya. A 2019 XENON1T, magabacin XENONnT, ya ga zenon-124 yana rikiɗa ta hanyar haɗiye ilektiron biyu a lokaci guda, lamarin da rabin rayuwarsa adadi ne na shekaru mai sifili 22, kusan sau tiriliyan ɗaya na shekarun halitta gaba ɗaya. A 2024 kuma XENONnT da PandaX-4T suka ba da rahoton alamun farko na nutirinon da ke fitowa daga cikin rana suna bugun cibiyar zenon. Bugun nasu kamarsa ɗaya da wanda ake tsammani daga ɓoyayyen abu marar nauyi sosai, kuma babu kaurin dutsen da ke tare nutirino. Masu aikin suna kiran wannan yanki hazon nutirino. Shirin da suke kai yanzu shi ne tanki mai ɗauke da gomman tan na zenon, abin da zai lashe kaso mai tsoka na duk zenon ɗin da masana'antun duniya ke tacewa a shekara, yayin da masu argon ke gina DarkSide-20k a Gran Sasso da argon ɗin da za a kwaso daga ƙarƙashin ƙasar Kolorado.